Man Bindigar Arzika

Da sunan Wanda Ya halicci ƙarfe, Ya kuma halicci tsatsar da ke cinsa. Ni ce Yalwa mai narka kitse, mutuniyar Birnin Raɓa, birnin da ke kan tsauni tsakanin Tekun Toka da Fadamar Aradu. Karatuna bai yi nisa ba. Abin da na sani, hannuna ne ya koya mini. Mai son ji ya gyara zama, mai sauri ya tashi tun yanzu, don ba na maimaita magana.

A garinmu iska jiƙaƙƙiya ce, kuma da gishiri a cikinta. Ka ajiye allura a kan tabarma da hantsi, kafin la'asar ta yi ja.

Shekarar da gulbinmu ya fara janyewa, aka tura runduna ta nemo mafarinsa. Hanyar ɗaya ce: a fita ta Ƙofar Fadama, a ratsa Fadamar Aradu, inda tsawa ke farautar ƙarfe. Ko zobe ka shiga da shi, sai ta nemo ka. Saboda haka kowane soja ya bar bindigarsa a hannun wanda zai jira shi. Arzika, ɗan da Allah Ya bar mini shi kaɗai, ya miƙo mini tasa ya ce, "Inna, ga ƙanwata nan, kada ki bari ta yi mura." Yana dariya ya faɗa. Ni ban yi ba.

Ga dokar garinmu tun kaka da kakanni. Kowace shekara, ranar da aka gama shigo da hatsi, sai a hau ganuwa da bindigogin waɗanda ba su dawo ba. Sarkin Ƙofa ya ɗura albarushi, mai jira ya ja kunama. In bindiga ta tashi, mai ita rayayye ne. In ta yi shiru, a yi masa salla, a raba gadonsa. Ranar da ta ƙarshe ta yi shiru kuwa, sai a toshe Ƙofar Fadama da tubali, don ta nan kadoji da zazzaɓi ke shigo mana. Wanda ya fito daga fadama ya tarar da ita a toshe ba shi da wata mashiga. Tsauni ne a tsaye. Sai ya mutu a gindin bango yana jin kiran sallar garinsu.

To, mutanenmu sun ɗauki bindiga tamkar mai ita, don haka abin da mutum yake so a bakinsa, shi suke shafa mata. Maƙwabciyata Hajo takan kwaɓa man shanu da gishiri, ta ɗiga zuma, don haka ɗanta Jatau yake so. Wata man gyaɗa da turaren mijinta. Wata har romo.

Na ce, "Hajo, wannan ba bakin ɗanki ba ne, bakin ƙarfe ne."

Ta ce, "Ke dai Yalwa zuciyarki dutse ce. Ɗan naki ma haka kika raine shi, ba gishiri ba daddawa ta kirki."

Bindigar ɗanta ce ta fara mutuwa. Gishiri ya huda ta, zuma ta kirawo mata kiyashi. Masu man gyaɗa suka bi baya, don man ya zama danƙo ya riƙe kunama. Waɗanda suka fi ƙauna su suka fi saurin kashewa. Ni man kaɗe zalla nake shafawa, shi ya sa ta Arzika ta rage ita kaɗai. Amma man kaɗe yakan narke da zafi ya tsiyaye, raɓa ta samu hanya. A shekarar da nake ba ku labari, bindigar ta tashi da ƙyar, kamar tarin tsoho. Da na sauko na juya ta, sai na ga jajayen ɗigo a ƙarƙashin kunama, kamar ƙyanda.

Nomau Sarkin Ƙofa ya gani shi ma. Ya ce, "Inna Yalwa, toshe ƙofa ba mugunta ba ce. Kin san kada ya kashe 'yar Mati a bakin ƙofar nan bara."

Na ce, "Na sani. Ni na yi mata wanka."

"To baɗi fa?"

"Baɗi ka zo da albarushinka. Tubali kuwa ka bar shi inda yake."

Washegari na goya bindigar da zane, na rataya kasko da tandu da gorar ruwa, na fita ta ƙofar yamma neman man da tsatsa ba ta ci. Ba albarushi a tare da ni, don Sarkin Ƙofa kaɗai ke riƙe shi. Ba wanda ya raka ni, ban kuma nemi rakiya ba.

Ƙasar da na fara faɗawa ita ce ta Yashi Mai Tafiya. A can tuddai ne ke yawo kamar garken raƙuma. Ka zauna a inuwar tudu kana hutawa, kafin ka gama taunar goro ya tafi ya bar ka a rana. Na yi tafiya har na manta yadda muryata take, sai in yi wa bindigar magana don in ji ko tana nan.

A tsakiyar ƙasar mahaya suka kewaye ni. Babbansu, Gagarau, ya leƙa bayana ya ce, "Tsohuwa, wane irin jariri ne wannan mai dogon wuya?"

Na ce, "Irin wanda ba ya kuka sai shekara-shekara."

Suka yi dariya, amma idonsa bai bar ƙotar bindigar ba. Ya ce bindigar soja ba ta dace da bayan tsohuwa ba, in kwanto ta. Na dubi yawansu, na dubi kaina. Na ce, "Ranka ya daɗe, ta sha ƙurar hanya. Bari in gyara ta tukuna, ta dace da hannun manya."

Suka kai ni zangonsu. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba: bindigoginsu a bushe suke, ba ko ɗigon mai. Ruwan zafi suke tuttulawa ta baki har ƙarfen ya ɗauki zafi ya busar da kansa, sannan su goga garin wani baƙin dutse mai sulɓi. Na gane dalili. A ƙasar yashi, mai shi ne maƙiyi. Sai na roƙi mai dafa musu abinci man gyaɗa, na lafta wa bindigar ɗana ciki da waje, na zauna da ita a inda iska ke kaɗawa. Ji nake kamar ina cusa masa ƙasa a baki.

Da la'asar Gagarau ya karɓa, ya ja kunama. Ta yi ƙiƙam. Ya sake ja, yashi ya yi ƙara a ciki kamar ana niƙan tsaki.

Ya ce, "Kai! Wannan ai sandar makaho ce. Tun daga ina kika ɗauko wannan wahala?"

Na ce, "Gado ne, ranka ya daɗe. Ba a zaɓa."

Ya wurgo mini ita. Da na yi nisa da su, na hura wuta da busasshen kashin raƙumi, na juye ruwan gorata duka a kasko, na tafasa, na wanke ta yadda na ga suna yi. Abin da ya rage a kaskon, baƙi, mai ɗanɗanon ƙarfe, shi na sha. Baƙin dutsensu ban ɗauko ba. Yana sa sulɓi, amma ba ya tare raɓa.

Daga yashi sai Duwatsun Sanyi. A can shanu suke masu ƙafafu tsawon giginya. Jikinsu na sama da gajimare yana shan hantsi, kofatonsu na cikin ƙanƙara. Ba ka ganin saniya, sai dai ka ratsa tsakanin ƙafafu kamar mai tafiya a kurmi, kana jin kukanta daga sama. Man kaɗen da ke tanduna ya zama dutse. Wanda na shafa wa bindigar ya kama kunama ya riƙe gam. Na cire ta daga goyo na rungume ta a cikina, sanyinta na shiga mini har ƙashi.

Haka na faɗi a ƙofar wata bukkar dutse. Mai bukkar tsohuwa ce irina, Gaje, ita ke kiwon shanun. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun sauka ƙasar zafi ba su waiwayo ba.

Ta tsaya a kaina ta ce, "Mutane na rungumar jika, ke kin rungumi ƙarfe. Mahaukaciya ce ke ko bazawara?"

Na ce, "Ki ba ni wuta tukuna, sai in zaɓa."

Ta ja ni ciki. Da na farfaɗo na gaya mata abin da nake nema, sai ta ɗauko wata batta ta tsiyayo mini mai a tafin hannu, rawaya, yana gudu kamar ruwa a wannan sanyin. Ta ce daga ƙashin ƙafar shanun da suka mutu take dafa shi. "Ƙafar da ke tsaye cikin ƙanƙara ba ta daskarewa, to man cikinta zai daskare ne?"

Ni da na yi rayuwata ina narka kitse, a wurin Gaje na ga yadda ake wanke shi. A tafasa, a kwashe abin da ya taso, a zuba a sabon ruwa, a sake tafasawa, a sake, har sai ruwan ya fito garau. Sai ta ɗanɗana. In ta ji alamar gishiri ko ƙarnin jini, a koma. Takan ce, "Man da ya yi daɗi a harshe bai gama wankuwa ba." Muka yi man ƙafa, muka wanke kitsen rago har ya yi fari kamar alli. Na ɗiga wa kunama, ta motsa.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin zaman nan. Tun tafiyar Arzika ban ci abinci da wani a ƙwarya ɗaya ba. Muna faɗa kan yadda ake tuƙa tuwo, muna zagin mazan da suka riga mu. Amma kullum na tambayi hanyar sauka, sai ta ce ƙanƙara ta rufe ta, in jira. Na jira. Sai wata rana na hango ciyawa ta tsiro a gefen dutse.

Na ce, "Gaje, ƙanƙarar ta narke."

Ta ce, "Ta can ƙasa ba ta narke ba."

"Ƙarya kike yi."

Ta ci gaba da juya tukunya, ba ta dube ni ba. Ta ce, "To ƙarya nake yi. Ɗan naki yana ƙofa ne yana ƙwanƙwasawa? Ni ga ni a gabanki, da rai. Ki zauna mana, 'yar'uwa. In na mutu ki rufe ni, in kin mutu in rufe ki."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba. Hanya kuwa ta ƙi nuna mini. Amma na lura shanun sukan sauka lasar kanwa a gindin duwatsu in ciyawa ta fito. Da na ji sun fara motsi da sassafe, na goya bindiga, na ɗaure tanduna, na kama ƙafar wata saniya na ɗaure kaina a jiki da igiyar guga. Taku ɗaya, bukka ta koma kamar kwanon sha. Na jiyo muryar Gaje tana bin iska: "Ke Yalwa! Ko sallama babu?" Na ɗaga hannu. Ban sani ba ko ta gani.

A gindin duwatsu akwai kurmi mai laima irin ta garinmu. Nan na gane aikina bai ƙare ba. Man ƙafa yana sa kunama ta yi laushi, amma raɓa na wanke shi. Kitse yana zama, amma in rana ta yi zafi sai ya zame. Jajayen ɗigon nan suka fara dawowa. Na zauna a kan kututture na zagi kurmin, na zagi raɓa, na zagi gulbin da ya janye.

Ina cikin tafiya sai na iske kangon wata ganuwa, bishiyoyi sun tsaga ta. Ba kowa. Sojojin da suka zauna a nan ko sunan sarkinsu bai rage ba. A ɗakin makamansu bindigogi ne jere a jikin bango, duk sun zama jar ƙasa, ka taɓa su zube. Amma a lungu guda ƙudan zuma sun yi gida, ƙudaje manya kamar kurciyoyi, sun gina saƙarsu a kan bindigogin da ke wajen. Na matsa a hankali. Ta cikin kakin zuman na hango ƙarfe yana ƙyalli kamar jiya aka ƙera shi.

Na tuna Hajo da zumarta. Ashe ta tsaya a kusa da maganin, ta ɗauki zaƙin ta bar kakin.

Na tara ɗanyen ganye na yi hayaƙi, ƙudajen suka lafa. Na shiga ina yankar saƙa da wuƙa ina cusawa a buhu. Zuma ta ɓata mini zane tun daga ƙirji har ƙafa. Ban gama ba iska ta juya, hayaƙin ya fita ta rufin da ya rushe. Sai na ji ƙugi, kamar ana kaɗa ganguna a cikin rijiya. Gudu ba nawa ba ne a shekaruna. Na kwance zanen na rataya shi a bakin wata ruɓaɓɓiyar bindiga, na birgima cikin tokar wutata har na zama fari fat, na ja ciki na nufi ƙofa da bindigar ɗana a ƙarƙashina. Suka sauka a kan zanen har ya ɓace a cikinsu. Guda ɗaya ne ya same ni, a gwiwar hannun hagu. Hannun har yau bai miƙe ba.

A bakin wani rafi na yi zazzaɓin harbin, ni kaɗai, ba mai miƙo mini ruwa. Da na iya tashi, na wanke kakin da ruwan zafi har zaƙinsa ya fita, na narka shi da farin kitse, na riƙa ɗiga man ƙafa ina juyawa, har ya zama abin da ke laushi a tafin hannu, ya tsaya a inuwa. Na shafa wa allurata na soke ta a ganye inda raɓa ta fi sauka, na soke wata da ban shafa wa ba a gefenta. Wadda ba mai ta yi ja. Ɗayar ta zauna fes. Sannan na kankare ƙyandar bindigar da toka mai laushi, na shafa mata kaɗan, don mahayan yashi sun koya mini yawa ba shi ne gyara ba. Na kama hanyar gida da tsumma a ƙuguna.

Na iso Birnin Raɓa ana shigo da dammunan ƙarshe. Mutane na ganina sai su kawar da kai. Ban wuce gida ba, na nufi Ƙofar Fadama. Tubali ne jibge a bakinta, magina na kwaɓa ƙasa. A gefe wani mutum na zaune, ƙashi da fata, gashinsa ya yi fari. Sai da ya ce "Inna" na gane shi. Jatau ne, ɗan Hajo, wanda aka yi wa salla tun shekarun baya, aka raba gonarsa. Uwarsa ma ta rasu ba ta gan shi ba.

Ya durƙusa ya ce, "Inna, Arzika ya riga mu gidan gaskiya. Zazzaɓi ne, a mafarin gulbi. Da hannuna na rufe shi."

Na ji maganar ta shiga, ta nemi wurin zama. Na ce, "Ya sha wuya?"

"Bai daɗe ba."

"Kai kaɗai ka rage?"

"A'a. Akwai na baya. Ba su da ƙarfi, suna tafe a hankali. Na faɗa wa Sarkin Ƙofa, ya ce ba a san ko za su iso ba, kuma bindigoginsu duk sun mutu."

Mata suka fara matsowa za su yi mini gaisuwa. Na ɗaga hannuna mai lafiya na ce su dakata.

Nomau ya zo, kansa a ƙasa. Ya ce, "Inna Yalwa, Allah Ya ba ki haƙuri. Kawo bindigar a ajiye. Magana ta ƙare."

Na ce, "Wace rana ce yau?"

"Ranar ganuwa ce, amma ai..."

"To ɗauko albarushi."

Ya ce, "Haba Inna. Mutumin da ya binne shi ga shi nan zaune. Gari duka ya ji."

Na ce, "Nomau, na san dokar nan tun kana yawo ba wando. A ina ta ce a tambayi matafiyi? Cewa ta yi a tambayi bindiga."

Wani magini ya ce, "Bindigar mamaci za ta yi shaidar zur ke nan?"

Na ce, "In ƙarya ce, ta yi shiru mana. Kai dai riƙe cebur ɗinka."

Nomau ya daɗe yana kallon tubalin. Ya dubi gidan Mati, ya dubi Jatau. Sannan ya aika aka kawo albarushi. Muka hau ganuwa, gari na biye. Ya ɗura da hannunsa, ya miƙo mini. Hannun hagu ya ƙi ɗaga ta, sai na ɗora bakinta a kan bango, na saita ta sama da fadama. Bindigar da ta ci yashi, ta sha ƙanƙara, ta kwanta cikin toka. Ban san abin da ya rage a cikinta ba. Na sa yatsa, kunamar ta zo da laushi kamar tana jirana.

Ƙarar ta daki tsauni ta dawo, tsuntsayen fadama suka tashi har sama ta yi duhu. Ba wanda ya yi guɗa. Nomau ya share fuskarsa da hannun riga, ya ɗaga murya ya faɗi abin da doka ta ce a faɗa: "Arzika ɗan Yalwa yana da rai. Ƙofa a buɗe take."

Na tsaya har magina suka kwashe tubalin ƙarshe. Na sauko na tafasa ruwa, na wanke bakin bindigar tun tana da ɗumi, na shafa mata mai, na rataye ta. Sannan na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na yafa mayafi, na ce wa Jatau, "Jeka ka gaya wa matan nan, yanzu su shigo. Na zauna karɓar gaisuwa."